Shekarar da Muka Lulluɓa wa Ayaba Bargo

A duk Unguwar Rimi ban san wata ayaba da ta taɓa mallakar bargo ba sai tamu. Har biyu gare ta, ga kuma tsohuwar suwaitar Baba. Ni da aka haifa a gidan bargo ɗaya gare ni, shi ma da huji a daidai inda babban yatsan ƙafata yake kwana.

Mama ce ta shuka ta. Ta samo ɗan tsiron a gidan wata ƙawarta a Badarawa, ta riƙo shi a leda kamar wadda ta sayo kaza, ta binne shi a bayan kicin, kusa da ɗan dakalin simintin da muke wanke-wanke a kai. Akwai wurin wanke kwanuka a cikin kicin ɗinmu, da famfonsa da komai, amma Mama ba ta taɓa yarda da shi ba. Ta ce an yi shi ne don gidan da ake shan shayi da biskit, ba gidan da ake tuƙa tuwo ba. Saboda haka safe da yamma a waje muke tsugunawa, tana wankewa ina ɗaurayewa, ina ƙunƙuni tana yi kamar ba ta ji. In mun gama ta kifar da baho, ruwan ya bi wata 'yar hanya da ya yi wa kansa a ƙasa ya tafi. A nan take wankin kaya ranar Asabar. A nan take alwala. Ban taɓa bin ruwan da ido na ga inda yake zuwa ba. Wa ke bin ruwan wanke-wanke da ido?

Ayabar ta yi tsawo har ta fara leƙen gidan maƙwabta, amma kusan shekara biyu ba ta fitar da komai ba sai ganye. Baba ya samu abin tsokana.

"Wannan irin mutanen ofishinmu ce," in ji shi. "Ga tsawo, ga babbar riga, ba aiki."

"Bari ta haihu," in ji Mama. "Ko ɓawon ba za ka gani ba."

A ƙarshen damina ta fito da hudarta, wani jan abu mai kama da zuciyar saniya yana reto a sama. A satin nan Mama ta kwanta. Ranar da za a kai ta asibiti sai da ta sa muka bi da ita ta bayan kicin, tana dafe da kafaɗata. Ta ɗaga kai tana kallon 'ya'yan da suka fara jeruwa, koraye, ƙanana kamar yatsun jariri. Ta ce wa Baba, "Ka kula min da ita kafin in dawo. Ni zan fara ci." Baba ya ce to.

Kwana tara ta yi a asibiti. Ba ta dawo ba.

Wannan wurin ban iya ba da labarinsa ba, don haka zan tsallake.

Da masu gaisuwa suka watse aka naɗe tabarmi, Goggo, ƙanwar Baba, ta kwaso kayanta daga Doka ta dawo gidanmu da zama. Baba ya koma ofis. Ban ga hawayensa ba ko sau ɗaya. Magana ce dai ta ƙare masa. Mutumin da a da yake yi wa mai karanta labarai a talabijin gyara, yanzu sai ya zauna a gaban tuwo har ya yi sanyi. Ni yakan kira ni Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, to har wannan kiran ya koma sau ɗaya a rana, wani lokaci ma babu. Abu guda ne bai fasa ba. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zagaya bayan kicin, ya goya hannu a baya, ya tsaya a gaban ayabar nan yana duba nononta, wato tarin 'ya'yan da ke rataye. Da can in na ji an ce nonon ayaba sai na yi dariya har Mama ta jefe ni da soso. A lokacin nan ko murmushi ban yi ba.

Sai sanyi ya sauka.

Mutanen Jos suna yi mana dariya in mun ce ana sanyi a Kaduna, amma su zo su sa hannu a ruwan bahonmu ƙarfe shida na safe a watan Disamba. Ruwan yana da haƙora. Na rantse har cokula suna karkarwa. Yanzu kuma wanke-wanken ya zama nawa ni kaɗai, ba mai wankewa in ɗauraye. Na yi kwana uku a kan dakalin nan, hanci na zuba, bayan hannuna ya tsattsage kamar gindin tsohuwar tukunya. Rana ta huɗu na tsaya a kicin na kalli famfon ciki, shi ma ya kalle ni. Na ɗora ruwa a wuta, na sirka, na wanke kwanukana a tsaye cikin ɗumi kamar matar gwamna.

Goggo har yaba min ta yi. "Ai gara, 'yar nan. Dama me ya kai ku tsugunno a waje, ga wuri an gina?" Ita wankinta a banɗaki take yi, alwalarta ma can. Dakali ya bushe ya yi fari.

Ba a yi sati uku ba ganyen ayabar suka fara rawaya. Bakinsu ya ƙone, iska ta yayyaga su suka koma kamar gezar tsumma. 'Ya'yan kuwa suka tsaya cak, ba su ƙara ƙiba ba. Wata safiya Baba ya shigo falo da saurinsa, rabon da in ga ya yi sauri har na manta.

"Sanyi ne," ya ce. "Sanyi ke kashe ta."

Kafin a haife ni an taɓa tura Baba kwas na wata uku a ƙasar Turai. Labarin wata ukun nan mun fi shekara goma muna jin sa, har na san kalar labulen ɗakin da ya kwana. To a can ne ya ga suna naɗe itatuwa da buhu in lokacin ƙanƙara ya zo. Ya ce abin da za mu yi ke nan.

Ranar Asabar aka yi aikin. Baba ya hau kujera da hular sanyinsa, ni ina miƙo kaya, Goggo tana tsaye a ƙofar kicin ta riƙe haɓa. Muka fara da buhunan shinkafa. Baba ya ja baya ya duba, ya ce bai isa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da barguna biyu, ɗaya nasa, ɗaya na Mama, mai ruwan goro.

"Yaya," in ji Goggo, "bargo? Icen ayaba?"

"Uwata, miƙo min igiya."

"Yaya, mutane za su ce wani abu fa."

"Su ce. Ja nan, Uwata. Ɗaure da kyau."

Suwaitar ita aka sa wa nonon, aka ɗaure hannayenta ta ƙasa. A kan duk wannan Baba ya kawo wata ƙatuwar baƙar leda irin ta magina, ya naɗe tun daga gindi har wuya, wai kada iska ta samu ko ƙofar allura. Da muka gama, abin da ke tsaye a bayan kicin ɗinmu ba ayaba ba ne, wani ƙaton ɗan fashi ne mai koren gashi. Washegari da asuba Goggo ta leƙa ta taga ta manta, ta saki salati har karen maƙwabta ya amsa.

Muna tattara ragowar igiya Goggo ta ce, "To ko a ɗan riƙa zuba mata bokiti guda? Ƙasar ta bushe."

Baba ya juyo. "Ruwan sanyi a wannan yanayi? Ke in kina mura cikin randa ake tsoma ki? Shekara biyu ayabar nan tana gidan nan, ban taɓa ganin marigayiya ta ɗauki bokiti ta ba ta ruwa ba. Ko sau ɗaya. Buta guda ta ruwan ɗumi da safe ta ishe ta, ni zan riƙa ba ta da hannuna."

Gaskiya ya faɗa. Mama ba ta taɓa ɗaukar bokiti ba. Ina tsaye da igiya a hannu sai idona ya sauka kan dakalin, daga nan ya bi 'yar hanyar ruwan nan da ta bushe ta dare, ya bi ta, ya bi ta, har ta shige ƙarƙashin baƙar leda. Baho huɗu ko biyar a rana, ban da wanki, ban da alwala. Shekara biyu ke nan tana sha, ni kuma na rufe mata famfo don hannuna ya yi laushi.

Ban ce komai ba.

Na sha tambayar kaina dalili. Zan so in ce tausayin Baba ne kawai, don a ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, ya kuma ba mu labarin labulen Turai, Goggo tana share ido a ɓoye. Akwai wannan. Wa zai tashi ya ce masa bargunansa ba su da amfani? Akwai kuma kunya, don in na faɗa sai na ce na gudu daga wurin Mama tun ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba. Amma akwai na uku, kuma shi ya fi muni: ba na son komawa cikin sanyin nan. Kullum sai in ce gobe.

Sau biyu na saci jiki na kwarara mata bokiti bayan la'asar, kafin Baba ya dawo. A na biyun ƙasar ba ta gama shanyewa ba ya iso. Ya tsaya a kan danshin, ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba.

"Wa ya zuba mata ruwan sanyi? Ba na hana ba?"

Ya shiga kicin ya samu Goggo. Ta rantse ba ita ba ce, bai saurara ba, ya ce tun farko ita ta kawo maganar bokiti, in ta gaji da zaman gidan ta faɗa. Ina bayan ƙofa ina ji. Goggo ta yi kuka a ɗakinta, ni na kai mata ruwan wanke fuska, ta ce Allah ya yi min albarka. Daga ranar ban ƙara zuba ko kofi ba.

A makaranta kuwa labarin ya zame min jari. Na ce wa ƙawayena ayabarmu ta fi shugabar makaranta kayan sanyi. Na ce da safe Baba yana tambayarta ta tashi lafiya, tana cewa a ƙaro sukari a shayi. Na kwaikwayi tafiyarsa da buta, hannu ɗaya a baya. Suka yi ta faɗuwa a kan benci. Ban san me ya sa nake yi ba. In suna dariya sai in ji kamar abin a gidan wasu yake faruwa.

Wata Juma'a uku daga cikinsu suka biyo ni gida don su gani da idonsu. Na kai su bayan kicin, na rusuna a gaban ledar na ce, "Hajiya, ga baƙi sun zo gaishe ki." Ɗaya ta durƙusa tana tambayar ya jiki, sauran suka riƙe ciki. Ba mu ji shigowar mota ba. Sai dai na ga dariyar ta mutu a fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Na juya. Baba ne tsaye da sallayarsa a kafaɗa.

"Sannunku, 'yan mata," ya ce. "Ya mutanen gida?"

Ya juya ya shige. Bai ci abinci ba ranar.

Abin da ba wanda ya lissafa a cikinmu shi ne rana. Sanyin Kaduna na safe ne da yamma. Da azahar rana tana fitowa da ƙarfinta, ta daki baƙar ledar nan na awoyi. In ka taɓa ta sai ka janye hannu. Muna ta tsare ayaba daga sanyi, ashe dafa ta muke yi a tsaye. A sati na uku wari ya fara fitowa, irin na kwatar da ta toshe. Ƙudaje suka tare. Goggo ta daina buɗe tagar kicin. Baba ya ce warin taki ne, alamar tana samun ɗumi, amma na ga yadda yake daɗewa a tsaye da butar a hannu bayan ruwan ya ƙare.

Ranar wata Lahadi ya fita da sassafe ya dawo da wani dattijo mai lambu a bakin kogi, siriri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Dattijon ya tsaya ya kalli abin da muka gina, ya kalli Baba, bai yi dariya ba. Har yau ina gode masa a raina.

"Alhaji, a kwance ta."

Muka kwance. Da ledar ta buɗe wani tururi mai wari ya bugo mu, Goggo ta toshe hanci da gyale. Bargunan sun jiƙe sharkaf da wani ruwa mai yauƙi. Jikin ayabar ya yi baƙi-baƙi, in ka danna da yatsa sai ya shige. Da aka cire suwaitar, 'ya'yan suna nan yadda Mama ta bar su, sai ɗan kaɗan da suka ƙaru, sirara kamar fensir, rabi sun ƙone.

Dattijon ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya soka a ƙasa kusa da gindin. Tsinken ya karye.

"Ba sanyi ba ne, Alhaji. Sanyin garin nan yana yaga mata ganye, amma ba ya kashe ta. Ƙishi ne. Leda kuma ta ƙarasa aikin. Ayaba ai 'yar ruwa ce. Da can wa ke ba ta ruwa?"

"Ba kowa," in ji Baba. "Haka take tsaye."

"A'a. Ba ayabar da ke kai wannan girman a tudu ba ruwa." Ya miƙe yana dube-dube. Ya ga 'yar hanyar nan. Ya bi ta da ƙafa, taku huɗu, har dakali. Ya dafa simintin. "Nan ake wanke-wanke?"

Ina jin wani mai keke yana ta danna hon a titi.

"Da," na ce. "Da nan muke yi da Mama. Ni ce na koma ciki."

Baba ya juyo a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun farkon sanyi."

"Kin san ruwan nan take sha?"

"Na gane ranar da muka ɗaura bargo." Tunda na fara sai na ƙarasa. "Bokitin nan ma ni ce na zuba, ba Goggo ba."

Na so ya mare ni. Wallahi na so, har na ɗan matso. Goggo ta shiga tsakaninmu tana cewa, "Yaya, yarinya ce, sanyin nan babba ma yana jin sa, duba hannunta." Ta kamo hannuna ta ɗaga masa. Hannun ya warke tas, ya sha man shafawa, sai sheƙi yake yi. Goggo ta sake shi a hankali.

Baba ya kalli dakalin ya daɗe, sannan ya ce, ba da kowa yake ba, "Kullum ƙarfe bakwai nake fita. Ban taɓa sanin a nan marigayiya take zama ba."

Dattijon ya ce sai an sare, kada ruɓar ta gama cin gindin. In an dawo da ruwa wataƙila wani tsiro ya fito, wataƙila kuma ta riga ta tafi, Allah ne masani. Aka kawo adda, ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya ce a'a, shi zai sare. Sara ɗaya ya yi. Abin da ya fi katangarmu tsawo ya kwanta ba ƙara, kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Baba ya tsuguna ya zaɓi 'ya'ya huɗu da ba su ƙone ba, ya naɗe su a takarda ya tura cikin buhun masara, yadda Mama take yi in ta sayo ɗanya. Kwana shida yana dubawa. Ba su nuna ba, baƙi kawai suka yi. A rana ta bakwai bayan la'asar ya fito da su, ya zauna a bakin dakali, ya feɗe ɗaya da wuƙa don ɓawon ya manne. Cikin fari ne, da tauri kamar ɗanyen rogo. Ya yi bismilla ya ci. Ina kallonsa ta ƙofar kicin yana taunawa, yana taunawa, ya haɗiye da ƙyar. Ya feɗe ta biyu ya miƙo ba tare da ya dube ni ba.

"Karɓi."

Bai ce Uwata ba. Na karɓa na ci. Bauri ya kama min harshe da dasashi, har maƙogwaro. Na cinye duka. Sauran biyun ya sa a aljihu, ban san abin da ya yi da su ba.

Washegari na fitar da baho. Bargunan na fara wankewa, a kan dakalin, ruwa bakwai kafin warin ya ragu, kuma na Mama har yau in ka sa hanci sosai za ka ji. Goggo ta yafe min tun a ranar, amma ta yi sati tana kirana Hajiya Ayaba in za ta aike ni. Hannuna ya sake tsagewa har ya yi jini, ban nuna wa kowa ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Kututturen ya bushe ya rame, ya zama wani baƙin rami mai zare-zare. Ina zuba masa baho biyar a rana, ranar Asabar fiye da haka. Ciyawa ta fito a gefen hanyar ruwan, har da wani ɗan tumatir da ba wanda ya shuka. Ayaba ba ta fito ba. Baba ya dawo da kirana Uwata wajen azumi, wata rana da yake neman makullin mota, kamar bakinsa ne ya suɓuce. Amma ya daina zagayawa bayan kicin. In ya dawo daga masallaci ɗakinsa yake wucewa kai tsaye, kuma bai ƙara ba mu labarin Turai ba.

Ni dai ina nan safe da yamma. In na kifar da baho sai in tsaya, hannu na ɗiga, in bi ruwan da ido har ya isa ramin ya shige.